Wuƙar a Jikin Karanshaf Take: Amsar Maigida Kan Injin Yankan Ciyawa

Yarona, tambaya biyu ka jero mini. Ka ce wata makaranta a Samaru ta sayo sabon injin yankan ciyawa na turawa, yana nan cikin kwalinsa, sun ce ka je ka haɗa musu, kana so ka ji ko ba duk ɗaya ba ne da janareta. Sannan ka ce ka ga wani lebura a GRA ya ɗaure siririn ƙarfen nan na jikin hannu da roba don kada injin ya riƙa mutuwa in ya saki, ko kai ma ka yi musu haka su huta.

Ta wajen kan injin, ɗan gidan su janareta ne. Fistin ɗaya, fulogi, kafireta, igiyar ja. Wanda ya iya wanke kafiretar janareta ba zai sha wuya a nan ba. Bambancin a ƙasa yake. In ka leƙa ƙarƙashin kaskon ƙarfen da injin ke zaune a kai, za ka ga karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, a tsaye yake, ya leƙo ƙasa, wuƙar kuma a bakinsa aka ɗaure ta. A yawancinsu babu bel, babu kulochi a tsakani. Inji na tashi wuƙa na juyawa. Ka juya wuƙa da hannu, fistin ka motsa. Wuƙa ta daki dutse, karanshaf ne ya sha dukan. Injin yana zagayawa wajen sau 3,000 a minti, wato sau 50 a sakan guda. In wuƙar mai tsawon santimita 53 ce, yi lissafi da kanka, bakinta yana gudun kusan kilomita 300 a awa. Duk abin da zan faɗa maka daga nan ya samo tushe.

Saboda haka batun roba, a'a. Kada ka ɗaure, in kuma ka tarar an ɗaure ka yanke. Ƙarfen nan aiki biyu yake yi in an sake shi: yana kashe wutar fulogi, yana kuma danna birki a jikin faifan da ke saman inji. Tun 1982 dokar Amurka ta tilasta wa masu ƙera irin wannan inji cewa wuƙa ta tsaya cikin sakan 3 da sakin hannu, kuma saboda yawan yatsun da suka salwanta aka kafa ta. Ka tambayi kanka, yaushe mutum ke sakin hannun inji? Sai in zai ɗauke dutse a gabansa, ko zai cire buhun ciyawa, ko ɗanyar ciyawa ta toshe mafita yana so ya zaƙulo. Wato daidai lokacin da hannunsa zai nufi wuƙa. Mai ɗaurewa ƙyashin sake jan igiya yake yi, alhali inji mai lafiya in ya yi zafi ja ɗaya ko biyu ya ishe shi. In ka ga ana ɗaurewa don inji na ba da wuya wajen tashi, to kafireta ko fulogi ne ke neman gyara, can za ka sa hannu.

Haɗawar ba ta da wani sirri. Kada ka ciccibo shi daga cikin kwali, tsaga kusurwoyin kwalin ka gangaro da shi a kan tayoyinsa. Zazzage komai a kan buhu ko tabarma don kada noti ya ɓace cikin ƙasa, ka ciro kwalayen da ake cusawa a ƙarƙashi. Kafin ka taɓa komai zare hular fulogi ka kautar da ita gefe. Inda yara ke yin ɓarna shi ne wajen miƙar da hannu. Yana zuwa a naɗe, kebur ɗin birki na bin jikinsa, in ka miƙar da garaje sai kebur ya shiga tsakanin ƙarafa biyu ya lanƙwashe. Daga nan ko dai inji ya ƙi tashi, ko ya tashi ya ƙi mutuwa, na biyun ya fi muni. Miƙar a hankali, idonka a kan kebur. Igiyar ja kuwa, riƙe ƙarfen birki tukuna sannan ka jawo ta sannu ka rataye a maratayinta, in ba haka ba da birki kake kokawa. Tayoyi huɗu su zauna a rami ɗaya. Murfin baya da na gefe, waɗanda ke tare abin da wuƙa ta watso, su hau, su kuma rufe da kansu in an saki. Na san masu cire su wai ciyawa ta fi fita, kada ka biye musu. Notin wuƙa ka gwada shi da sifana ko da sabo ne. Af, wasu injinan ƙirar Amurka notinsu na inci ne, sifanarmu ta milimita za ta yi kamar ta kama sai ta cinye kan notin. In ka ji tana lilo, sauya.

Yanzu ga inda sabon inji ke mutuwa ranar farko. Babu baƙin mai a cikinsa, a bushe ake aiko shi. Janareta da yawa suna da abin da ke kashe su in mai ya yi ƙasa, wannan galibi ba shi da shi, zai tashi lafiya lau ya yi ta aiki har ya kama. Zuba masa SAE 30 ko 10W-30, kuma cikinsa bai wuce ya ɗauki rabin lita da ɗan ɗori ba. Ajiye shi a shimfiɗaɗɗen wuri, zuba kaɗan-kaɗan kana dubawa da sandar awo. A wasu sai ka murɗa sandar ta shige sannan ka karanta, a wasu kamar Honda ɗorawa kawai ake yi, ɗan littafin da ya zo da shi zai gaya maka. Cikawa fiye da ƙima ma cuta ce, farin hayaƙi zai yi ta yi yana jiƙa fulogi. Man farkon nan ka juye shi bayan kamar awa 5 na aiki, domin yana kwaso garin ƙarfe, daga nan sai duk awa 50 ko sau ɗaya a damina.

Fetur zalla yake sha. Ka jaddada wa maigadinsu wannan, don ya saba da ƙaramin janaretan nan da ake gauraya wa baƙin mai a tanki. A saya a gidan mai, in kuwa dole ta sa an saya a galan wajen 'yan bumburutu, a tace. Kada a cika tanki har baki. A waje ake zubawa, inji a kashe, kuma ya huce na 'yan mintuna, domin salansa na nan dab da tanki. In ya zube a goge, a tura injin gaba kafin a ja igiya. Ba a tayar da shi cikin sito ko gareji a rufe, hayaƙinsa shi ne dai na janaretan da ke kashe mutane cikin barci.

In yana da 'yar robar dannawa a jikin kafireta, danna sau uku. In cok ne, wato abin da ke rage wa kafireta iska wajen tayarwa, rufe. Wasu sababbin su ke yi wa kansu. Tsaya a baya, riƙe ƙarfen birki, jawo igiya sannu har ka ji ta yi tauri, sannan ka fizga. Kada ka sake ta ta koma da ƙarfi, raka ta.

Amma kafin ka ja igiyar nan akwai aikin da ya fi haɗawa muhimmanci, shi ne zaga filin da ƙafa. Injinan nan an ƙera su ne don filin da aka share aka shuka ciyawa, mu kuwa ka san ƙasarmu ta Zariya: marmara da tsakuwa, ɓaraguzan bulo da magina suka bari, guntun rodi, kwalba, waya, suri da ya fara tasowa, da turken da aka ɗaure ragon layya aka manta da shi ciyawa ta rufe. A filin makaranta ƙara da duwatsun da yara ke kafa ragar ƙwallo da su. Duk ka tsince. Dutse kamar goro in wuƙar nan ta ɗauke shi ya isa ya fasa gilashin mota ko ya tsiyaye ido. Shi ya sa yaran da za su taru kallo, kuma tabbas za su taru, ka kore su nesa, in sun ƙi tafiya kashe inji ka jira. A makaranta ma gara a yi yankan ranar da ba karatu.

In ciyawa ta kai gwiwa, kamar yadda take yi a watan Agusta in an yi sakaci, ba aikin wannan inji ba ne tukuna. A fara sassabe ta da langalanga, ka ga abin da ke ƙasa, maciji ma ya samu hanyar gudu. Gamba da tofa da suka riƙa sun fi ƙarfinsa. Ƙiri-ƙiri da ire-irenta su ne abincinsa. Ɗaga tayoyi sama a zagayen farko, kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawar, in ana so ta ƙara ƙasa a dawo bayan kwana biyu. Masu wuri za su ce ka aske ta ƙwal, ka lallashe su, aski har ƙasa shi ke ƙona ciyawa ya kuma haɗa wuƙa da tsakuwa. Jira raɓa ta bushe. Jiƙaƙƙiyar ciyawa tana cushewa a kasko, tana kuma da santsi.

Silifa ba ta shiga wannan aiki. Takalmi sau-ciki mai tauri, dogon wando, tabarau, da abin toshe kunne in aikin zai daɗe. Jallabiya da doguwar riga a rataye su. Turawa ake yi gaba. Ja da baya shi ke cin ƙafa, domin in ka yi tuntuɓe ka faɗi ta baya, hannunka da kansa zai jawo injin kan yatsunka. A gangare bi ta gicciye, kada ka hau ka sauko, in gangaren ya yi tsanani kamar bakin kwalbati a bar wa lauje. Za ka tsallaka hanyar tsakuwa, kashe.

To a ce duk da haka ka ji ƙau, wuƙa ta daki wani abu. Saki hannu, zare hular fulogi, duba. Abu uku ke faruwa. Ko wuƙa ta lanƙwashe. Ko ɗan makullin nan mai taushi da ke riƙe faifan sama a kan karanshaf ya tsinke, da gangan aka yi shi da taushi don shi ya mutu a madadin manya. Alamarsa inji ya ƙi tashi, ko igiya ta riƙa fizge maka hannu, domin wuta ta daina zuwa a kan lokaci. Abin kuɗi kaɗan ne, amma kada ka sassaƙa ƙusa ka sa a gurbinsa, karo na gaba faifan ne zai tsage. Na ukun shi ne karanshaf ya karkace, sai ka ji inji na karkarwa har hannunka na mutuwa. Wannan ba a ci gaba da aiki da shi. Wuƙar da ta tsage kuma ba a kai ta walda, wadda ta lanƙwashe ba a miƙar da ita da guduma, sabuwa ake sawa. Kada kuma ka tayar da inji babu wuƙa don gwaji, a da yawansu nauyin wuƙar na cikin abin da ke taimaka masa juyawa.

Wajen kwantar da shi ma akwai ƙa'ida. Ɓangaren kafireta da filta ya kalli sama, ko ka danne hannun ƙasa gaba ya ɗaga, fulogi na sama. In ka kwantar ta ɗaya gefen, baƙin mai zai malalo cikin filta da kafireta, ka tashi kana neman ciwon da kai ka jawo. Tokare wuƙa da guntun katako kafin ka kwance noti, ka naɗe hannu da tsumma. Wasa ta da magagari a kan kwanar da ta zo da ita, ba sai ta yi kaifin aska ba, irin wannan kaifin ba ya jure tsakuwa. In ka gama, rataya ta a ƙusa ta ramin tsakiya. Gefen da ya rinjaya ka ƙara ci har ta tsaya daidai. Wajen mayarwa, fukafukan nan da suka tanƙwaro su kalli sama, cikin kasko. Su ke jan iska kamar fanka, su miƙar da ciyawa kafin a yanke. In ka juya ta, dukan ciyawar kawai za ta yi ta yi. Sifirin na gwamna kuwa, wato abin da ke daidaita gudun inji, ka bar shi yadda ka same shi, duk wanda ya ce ka ƙara masa wuta ka ce ni na hana.

Filta in ta soso ce, wanke da sabulu, ta bushe, ɗiga mata mai kaɗan ka matse. In ta takarda ce kakkaɓewa ake yi, mai ba ya taɓa ta. Da ruwa ya ɗauke a Oktoba, a bar injin ya shanye fetur ɗinsa har ya mutu da kansa, a kankare kasko, a lulluɓe shi saboda ƙurar hunturu. Fetur da ya kwana wata da watanni a kafireta danƙo yake zama, shi ya sa kowace farkon damina ake jibge mana su a nan.

In ka gama haɗawa kada ka karɓi kuɗi ka juya. Nemi wanda zai riƙa turawa, babba, ba ɗan aji uku ba, ka sa shi ya tayar ya kashe a gabanka, ya saki ƙarfen ya ga wuƙa ta tsaya, ya nuna maka inda hular fulogi take. Gobe ka biyo ta shago tukuna ka ɗauki sifanar fulogi da mazurari da lita ɗaya ta baƙin mai, don ban yarda sun saya ba. Kuɗin man ka sa a lissafinsu.