Wankin haƙora da cire turmin ƙarshe: wanne ake fara yi?

Yaro, ka tambaye ni, idan mutum ya zo za a cire masa turmin ƙarshe kuma yana son a wanke masa haƙora, wanne ake fara yi. Wanki ake fara yi, da mako ɗaya ko biyu, dasashi ya huce, ƙwayoyin cuta su ragu, sannan a cire. Idan kuwa an riga an cire, ni ba na kai injin wankin haƙori bakin sai ya yi wata guda, ramin ya rufe. Yadda ake riƙe inji da yadda ake allurar kashe zafi ba zan tsaya koya maka ba, wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani.

Tambayar nan ta tuno mini wani Alhaji, ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Ranar Litinin na cire masa turmin ƙasa na hagu, wanda ya kwanta a karkace, har sai da na yi ɗinki. Na gaya masa kada ya tofa yawu da ƙarfi, kada ya zuƙi komai da tsinken shan lemo, kurkura da ruwan gishiri mai ɗumi sai bayan awa 24. Na tambaye shi ko yana shan taba, ya rantse mini bai taɓa ba. Laraba sai ga shi, wai ɗaurin auren 'yarsa ranar Asabar, jan goro ya ɓata masa haƙora, a wanke. Na ƙi. Ya kawo wani dattijo da nake jin nauyinsa, na yi.

Ka san gudan jinin da ke zama cikin rami shi ne murfin ƙashi. Ruwan inji da girgizarsa suka taɓa shi, tabar da yake zuƙa a ɓoye ta ƙarasa. Ranar Juma'a ƙashi a buɗe, zafi har kunne, baki yana wari. Sau huɗu na wanke ramin nan ina cusa magani, ko sisi ban karɓa ba. Ragowar kuɗin cirewa ma ya hana ni. Direbansa ne ya faɗa mini zancen tabar. Amma shi ya bi majalisa majalisa yana cewa na bar masa guntun haƙori, ga hoton haƙorin nan a aljihun tebur, babu abin da na bari. Layinsu gaba ɗaya suka ƙaurace mini kusan shekara biyu.

Ku yaran yanzu, da mai kuɗi ya ɗaga murya sai jikinku ya hau rawa, kuna so a gama a ɗauki hoto a sa a Facebook. Gobe matar nan da ke ɗakin jira za ta ce a haɗa mata duka rana ɗaya. Ka wanke mata, ka rubuta mata ranar cirewa nan da kwana goma, in ta ƙi ka turo mini ita.