Kafin ka ɗora wa tsohon inji sufacaja

Jiya muna wanke hannu ka tambaye ni: in aka ɗora wa tsohuwar motar nan sufacaja, ƙarfinta zai ninka ne? Kuma me ya sa na ce wa mai ita ya dakata tukuna? To zauna ka ji, yaro.

Inji da iska yake aiki. Duk man da ka ɗura masa, in babu iskar da za ta ƙone shi, hayaƙi kawai za ka samu. Fistin in ya sauka, ba ya samun fiye da abin da nauyin iskar sarari ya turo masa, kimanin psi 14.7 (psi ma'aunin matsin iska ne) a daidai bakin teku. Sufacaja zugazugi ce: bel daga kiranshaf ke juya ta, ita kuma tana cusa iska cikin silinda da ƙarfin tsiya. Irin da ake kira Roots ma asalinta ke nan, wasu 'yan'uwa biyu a Amurka suka yi mata rajista a 1860, aka riƙa hura wutar narka ƙarfe da ita. Daga baya 'yan tsere suka riƙa ciro ta daga injin dizal na GMC 6-71 suna ɗorawa kan V8, wato inji mai silinda takwas. Wannan tun inji na juyawa a hankali take ba da ƙarfi. Ɗaya nau'in kuma, mai siffar dodon koɗi, irin McCulloch da kamfanin Ford ya sa wa wasu motocinsa na Thunderbird a 1957, sai inji ya ɗau gudu take nuna kanta.

Yanzu yi lissafi da kanka. In ka ƙara psi 7, ka ƙara kusan rabin iskar da yake sha. A takarda rabin ƙarfi ke nan, amma ita sufacajar tana cin nata rabon wajen juyawa, kuma iskar da aka matse zafi take yi. Maganar ninki ka cire ta daga ranka.

Zafin nan shi nake tsoro. Iska mai zafi, ga matsi a kai, sai mai ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama bin sa. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na taɓa buɗe wani inji da aka ɗora wa sufacaja ba a gyara taimin ɗinsa ba, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. Gefen fistin ya gutsure daidai mazaunin ringi na sama, kansa ya yi ɗige-ɗige kamar an tsattsaga shi da allura, bakin fulogi kuma duk ɓurɓushin alminiyom. Raina ya ɓaci ranar, domin injin nan ya yi shekaru yana aiki lafiya lau, kuma irin fistin ɗinsa ba a samunsa a sauƙaƙe.

Shi ya sa na ce a dakata. Gobe za ka auna matsin kowace silinda, ka rubuta. In ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, ko kuwa inji na shan baƙin mai, gyara za mu fara yi. Sufacaja ba ta warkar da ciwo, tono shi take yi.

In ya fita lafiya, sai mu dubi matsin injin kansa. Ni na fi son ya tsaya wajen 8 zuwa 1, wato fistin ya matse iska kashi takwas ta koma ɗaya, ƙarin iska kuma kada ya wuce psi 5 ko 6 muddin fistin ɗin na asali ne. Za mu ja taimin baya, mu buɗe wa kafireto ya ƙara mai, mu tabbatar famfon mai zai iya ciyar da shi, mu sa fulogin da ke jure zafi. Lagireto, kuloci da birki duk sai an duba su, musamman in birkin na ganga ne.

Abu ɗaya kuma ban yarda ka yi a bayan idona ba: rage girman fulin sufacaja, wato faifan da bel ke juyawa. Ƙaramin fuli na ƙara iska nan take, mota ta yi daɗin ja, mai ita ya yi ta murna, gasket ɗin kai kuwa yana can yana ƙonewa. Duk kayan asalin da muka cire, ka goge su, ka yi musu alama, ka adana a kwali, ko wata rana mai motar zai so a mayar masa da ita yadda kamfani ya ƙera ta.