Amsa: Shin Eta Carinae ta mutu a 1843?

Malam, ka tambaya ko fashewar katafariyar tauraruwa Eta Carinae a 1843 ce ajalinta. A'a, tana nan da ranta. Ana hasashen cewa matsin haskenta ne ya nemi rinjayar nauyin da ke riƙe ta, sai ta amayar da gas da ya ninka nauyin Rana sau 10 ko fiye, amma cibiyarta ba ta rushe ba.

Sufanoba kuwa, wato fashewar da ke zama ajalin tauraruwa, daga ciki take farawa. Tauraruwa mai nauyin Rana 8 zuwa sama tana ƙona haidurojin, hiliyam, kabon, har silikon. Abin da ke saura a cibiyar baƙin ƙarfe ne, shi kuma ba ya ba da makamashi. Da cibiyar ta kai kimanin nauyin Rana 1.4, sai ta rufta cikin daƙiƙa guda, wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutirino su kwashe kusan kashi 99 na makamashin.