Gawo a gonar hatsi: yadda ake auna ruwan da yake sha

Ɗana, saƙonka ya iso mu nan Tawa. Ka ce kuna gardama a makaranta can Yamai: al'adar barin gawo tsakiyar gonar hatsi, da gaske ba ya cinye wa shuka ruwa, ko faɗar tsofaffi ce kawai? To, abin yana aunuwa.

Ruwa yana hawa ne ta farin itacen da ke ƙarƙashin ɓawo. Jan itacen tsakiya ya riga ya toshe. A farin nan ake soka allura biyu, kowace tsawon santimita 2, kaurin milimita 2, ɗaya bisa ɗaya da tazarar santimita 10. Dabarar wani Bafaranshe ce, André Granier, tun 1985. Ta sama ana ɗumama ta da wutar batir wat 0,2 ba yankewa, ta ƙasa a bar ta haka nan. In ruwa na hawa da ƙarfi sai ya kwashe zafin ta sama, bambancin zafinsu ya ragu. Kafin asuba ruwa ya kwanta, bambancin ya kai maƙura, kuma da shi ake gwada awon yini. Daga nan ake samun saurin hawan ruwa, a ninka shi da faɗin farin itacen, lita ta fito.

A ƙasarmu rana ce babbar mai ɓata aiki. Rairayi ya gasa gindi, allurar ƙasa ta ɗau zafin da ba nata ba, lissafi ya karkace. Saboda haka ka ɗaga su kamar mita ɗaya daga ƙasa, ka naɗe wurin da soso da takardar alminiyam. Daren hunturu ma ba abin yarda ba ne, busasshiyar iska na sa ganye jan ruwa har gari ya waye. Kada ka dogara da dare ɗaya, duba na kwana goma ka ɗauki bambancin zafi mafi girma. In allura ta zarce cikin jan itace awo zai yi ƙasa. In batir ya yi rauni, zafin allurar sama ya sauya. Waya kuwa ka ɓoye ta, awaki ba sa barinta.

Abin da za ka gani: damana na faɗuwa gawo ya zubar da ganye, hawan ruwa ya ragu ƙwarai, hatsi ya samu rana da takin ganyen. Bayan kaka ya yi tofo, saiwarsa na jawo ruwa can ƙasa inda ta hatsi ba ta kai. Sai dai kada ka auna gawon da makiyaya suka sassare da rani, don irinsa yakan riƙe ganye har cikin damana.