Rumman da hawan jini: kada ki bari Mama ta ajiye ƙwayoyinta

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Da na ga kina tambaya ko Mama za ta iya ajiye maganin hawan jininta ta koma shan ruwan rumman don gudun shanyewar ɓarin jiki, wallahi sai da gabana ya faɗi. Mu ma ta wannan ƙofar aka shigo mana.

Shekara shida Abban yara yana shan maganin hawan jini mai suna amlodipine lafiya lau. Sai wani abokinsa mai shagon magani ya dinga hure masa kunne, wai maganin bature kashe ƙoda yake yi, ai rumman sau uku Allah ya ambace shi a Alƙur'ani. Haka ne, sau biyu a An'am, sau ɗaya a Rahman, amma wace aya ce ta ce a jefar da magani? Duk sati yana kawo masa kwalbar ruwan rumman, ana biyansa.

Wata uku da ajiye maganin, ya fita alwalar asuba, sai na ji faɗuwar buta. Na tarar da shi zaune a ƙasa, bakinsa ya karkace, miyau na zuba, yana son kiran sunana harshen ya ƙi juyawa. Hannun dama na ɗaga ya koma yaraf. 'Yan'uwansa suka taru suka ce shafar aljanu ce, aka yi ta hayaƙi da tofi ina kuka, ba mai saurarona, sai bayan azahar muka isa asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma mun makara, don allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi ake yin ta. Har yau da sanda yake tafiya. Shi kuwa abokin nan sau ɗaya ya leƙo dubiya, yana cewa ƙaddara ce. Na bar shi da Allah.

Ba wai rumman ba shi da amfani ba. 'Yata mai karatun haɗa magunguna ta duba mini: a 2004 an yi bincike a birnin Haifa na Isra'ila, mutum goma masu ƙuncin jijiyar wuya suka shekara suna shan mil 50 na ruwan rumman kullum, kaurin bangon jijiyar ya ragu. Amma fa ba su daina magungunansu ba. Da aka haɗa gwaje-gwaje takwas a 2017, lambar sama ta awon jini kusan 5 kawai ta sauka. Mai 170 me 5 za ta yi masa? Ko a Amurka sai da hukuma ta taka wa kamfanin POM Wonderful mai sayar da ruwan rumman birki kan tallar cewa ruwan yana maganin ciwon zuciya.

Mama ta sha rabin kofin ruwan rumman bayan abinci, wanda kika matse da hannunki, tare da ƙwayoyinta. In tana da ciwon suga ki lura, kofi ɗaya na da suga wajen giram 30. In tana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, sai likita ya amince. Don Allah ki rage mata magi da gishiri, ni ranar da aka sallamo mu na raba tukunyarsa. Ki sayi na'urar awon jini ki ajiye a ɗakinta, kuma ko da tsakar dare kika ga baki ya karkace ko magana ta sarƙe, kada ki jira shawarar kowa, ki nemi mota.

Allah ya ba Mama lafiya. Wane magani ne ma take sha yanzu, kuma nawa awon ya nuna na ƙarshe?