Amsa ga ƙanwarmu mai karanta Maikurobayoloji (ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta)

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki, kin ce kina aji biyu a jami'a kina karanta Maikurobayoloji amma har yanzu ba ki san wane aiki ake yi da shi ba in an gama. Ni ma kwas ɗin na yi shi ya sa na ce bari in sa baki.

Abu na farko, kar ki sa rai da lab ɗin asibiti. Da yawa daga cikin ƴan ajinmu tunaninsu kenan har muka gama, sai a wajen neman aiki aka ce ina lasisin MLSCN, wato hukumar da ke kula da masu gwaje-gwajen asibiti, kuma lasisin nan na waɗanda suka karanta MLS ne, wato kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, shi kwas ne daban na shekara 5. To kin ga tun yanzu ya kamata ki sani, in asibitin ne a ranki ki je ki samu lakcaran da ke kula da ajinku ki ji ko canjin kwas zai yiwu tun tafiya ba ta yi nisa ba.

In kuma za ki tsaya a nan, aikinmu ya fi yawa a kamfanonin abinci da lemo da magani da ruwan leda, ɓangaren duba ingancin kaya, don NAFDAC ba ta wasa da wannan. In a Kano kike ga unguwannin masana'antu nan, Sharaɗa da Bompai da Challawa. Akwai koyarwa ma, amma sai kin haɗa da PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, kin yi rijista da TRCN, hukumar rijistar malamai.

Abin da ya fi taimaka min wallahi shi ne karanta tallan aiki tun ban gama ba. Ki shiga shafukan neman aiki irin su Jobberman ko LinkedIn ki nemo ayyukan da ke ambaton kwas ɗinki, ba don ki tura CV ba, kawai ki riƙa rubuta abin da suke ta maimaitawa a littafi, za ki ga Excel, za ki ga HACCP (tsarin kare abinci daga gurɓata), za ki ga sakamakon digiri na 2:1 ko 2:2, bankuna kuma har iyakar shekaru suke sawa kuma kin san yadda yajin aiki ke cin shekarun mutum, na ASUU a 2022 kaɗai wata 8 aka yi a gida.

Sai maganar SIWES, wato koyon aiki da ake tura ɗalibai, don Allah kar ki yi irin ta masu kai takarda ofishin kawu a sa musu hannu suna kwance a gida. Ni a wani ƙaramin kamfanin ruwa na yi nawa, ko kuɗin mota ba sa bayarwa kuma makonnin farko wankin kwalabe kawai nake yi, amma a nan na iya gwajin ruwa da hannuna, matar da ke riƙe da lab ɗin ce ma ta kira ni bayan bautar ƙasa ta ce ana neman mutum a wani waje.

Ki samu waɗanda suka riga ku gamawa da shekara uku ko huɗu ki tambaye su gaskiya nawa ake biya, ƙarfe nawa ake tashi, akwai aikin dare ko babu, don wasu kamfanonin kwana ake yi kuma ba kowane gida ne zai yarda ƴa mace ta yi ba. Wace jiha kike ma tukuna? In Kano ce ko Kaduna ki min magana ta inbos.