Tambaya da Amsa: Mi ya haɗa Turanci da harshen Cek?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, fatan kana lahiya. Ni ɗalibi ne ajin biyu a jami'a nan Sakkwato, Turanci nike karantawa, to wannan zangon muna kwas na ginin jimla, sai ga lakcaranmu kullum sai ya kawo muna misali da harshen Cek, wallahi ni ko a taswira ban san inda ƙasar take ba. Mi ya sa ba za a kwatanta muna da Hausa ba kawai a huta? Kuma jarabawa ta matso. Daga wani ɗalibi, Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, lakcaranka ba wahalar da kai yake son yi ba, abin yana da asali. Cek ƙasa ce a tsakiyar Turai, babban birninta Prague, masu jin harshen sun kai wajen miliyan 10. A can ne a 1926 wani farfesan Turanci mai suna Vilém Mathesius ya kafa ƙungiyar masana harshe ta Prague, kuma aikinsa kenan, ya jera jimlar Turanci da ta Cek ya ga inda suka rabu. Daga can aka gaji wannan kwatance, shi ya sa har yau yake yawo a ajujuwa.

To amma bari in gajarce maka hanya. In dai ka taɓa zama zaure ana karatun nahawun Larabci, ai ka gama rabin kwas ɗin ba ka sani ba. Ka tuna daraba Zaidun Amran? Ko ka juya ka ce daraba Amran Zaidun, Zaidu ne dai ya yi dukan, Amru ne ya sha kashi (bawan Allah, shekaru aru-aru yana shan duka a hannun almajirai), saboda wasalin ƙarshe shi ke nuna wane ne fa'ili (mai aiki) wane ne maf'uli (wanda aka yi wa). To haka Cek yake, sai ma ya fi, don a Larabci ƙarshen suna hali uku gare shi, na Cek bakwai. Suna cewa Petr vidí Pavla, wato Petr na ganin Pavel, in suka juya suka ce Pavla vidí Petr mai ganin bai canza ba, wannan harafin a ɗin da ke wutsiyar Pavla ya riga ya tona wanda ake gani.

Turanci fa ba shi da wannan gatan. The dog bit the man, kare ya ciji mutum, kana juya su sai ya koma mutum ne ya gartsa wa kare cizo. Da can, shekara 1000 baya, shi ma yana da irin waɗannan ƙarshen kalmomi, suka zube, saura ɗan ɓurɓushi irin he da him, I da me. Don haka wurin zaman kalma ne ya ɗauki nauyin duka, mai aiki, aiki, sannan wanda aka yi wa. Har in ba mai aikin ma sai sun ƙirƙiro shi, it is raining, wane ne it ɗin nan? Babu kowa. Mu sai mu ce ana ruwa, mutumin Cek kalma ɗaya tal, prší.

Inda nake zaton tambayar jarabawa za ta fito shi ne, to tunda ma'ana ba ta canza ba me ya sa ɗan Cek zai juya jimla? Saboda shi sabon labari a ƙarshe yake ajiye shi. In aka tambaye shi wa ke ganin Pavel, sai ya tura Petr can ƙarshe. Bature kuma tunda ba halin juyawa sai ya yi dabara, ko ya danna murya kan kalmar ko ya ce it is Petr who. Mu kuma gaba muke jawowa mu liƙa ne ko ce, goro ne Audu ya saya, Audu ne ya sayi goro, ko ku Sakkwatawa ku ce yas sayi.

Maganar Hausa kuwa ina tare da kai, ya kamata a riƙa kawo ta, sai dai jerinmu da na Turanci kusan ɗaya ne, bambancin ba zai fito fes ba kamar na Cek. Ka ɗauki jimla biyar daga littafin darasinka ka gwada juya kowace da Turanci da Hausa da Larabci kafin ranar jarabawa. Allah ya ba da sa'a.